Waken da Inna ta zo da shi daga Makka

Tun shekaranjiya na kasa zama wuri ɗaya. In na shimfiɗa tabarma sai in ji kamar an zuba mini ƙaiƙayi, in tashi in koma bakin murhu, in ɗauki tsintsiya in share inda aka riga aka share. Surukata tana kallona ta wutsiyar ido, tana tsammanin tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba tsufa ba ne, gwangwani ne. Jikana na wajen 'yata, wanda yake karatu a babbar makarantar nan da aka gina mana a bayan gari, shi ya shigo da shi yana kaɗawa, wai waken Larabawa ne, a kanti ya saya, da burodi ake ci. Da na ga hoton da ke jikinsa, manyan ƙwayoyi masu faɗi kamar farcen babban yatsa, ban san lokacin da na make masa hannu ba. Gwangwani ya gangara har gindin turmi. Ya ce, "Haba Kaka, sai ka ce da maciji na shigo?" Na ce ai da macijin ne da sauƙi, shi ana ganinsa a ɗauko sanda. Ya yi dariya ya ce camfin Kaka ya motsa. Tun yana rarrafe nake gaya wa uwarsa kada wannan wake ya shiga bakinsa, amma hani kawai suka sani, ba su san abin da ya haife shi ba.

Alieron da na tashi a cikinta da hanci ake gane ta. Tun kana kan hanya daga Jega warin albasa zai tare ka, ya shiga rigarka, ya bi ka har gida. Da hantsi ba abin da kake ji sai kukan jigon ɗiban ruwa a garka, da tarin sababbin injinan ban ruwa na masu hali, da jakuna suna nishi ƙarƙashin mangala. Mu mata aikinmu lawashi: mu yanke ganyen albasa, mu daka, mu dunƙula gabu mu shanya a kan zana, idanu suna zubar da ruwa muna waƙa. Albasar da ba a sayar ba a jera ta a rudu, rumfar kara mai ɗan tudu, iska tana ratsa ta, a jira tsada. Da zafi ya tsananta sai a shiga tsintar ruɓa, kullum a bi ta ɗaya bayan ɗaya a fitar da wadda ta yi laushi kafin ta ɓata 'yan'uwanta. Yanzu fa? Babura sun cinye kukan jigo, 'yan mata ba su san dunƙula gabu ba, dunƙulen kanti suke jefawa a miya, kowa kansa a sunkuye kan waya kamar mai tsintar ƙwarƙwata. Ban ce da ta fi yanzu komai ba. A da ɗin ne muka yi abin da zan faɗa.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, Yayana shi ya riƙe gidan. Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ko sau ɗaya. "Wancan" take cewa. In ya shigo ta kawar da kai, in ya gaishe ta ta amsa tana kallon bango, haka kunyar ɗan fari take a wurinmu. Shi kuwa mutum ne mai barkwanci, dogo, baƙi, dariyarsa har maƙwabta. Ni Barkono yake ce mini, don ba a faɗa in yi shiru. Ya kan ce, "Barkono, wai bakin ga naki bai gajiya? Ranar da anka kai ki ɗaki, sai na yi ma mijinki ta'aziyya." Ni kuma in ce ya fara samo matar da za ta jure warin ruɓa tukuna.

Tun kafin a yanke mu daga Sakkwato a ba mu jiha, albasa ta yi kyau wata shekara, ta kuma yi daraja. Kowa ya ɗauka Yaya aure zai yi, har an nuna masa yarinya a Sabiyal. Sai ya ce aure ya jira, Inna za ta Makka. Da Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya kawo mata labari, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Ta dawo farkon damina, da haƙorin Makka, da ruwan zamzam, da dabino da tasbahohi da aka raba wa dangi. Amma akwai wani ƙullin buhu da ta hana kowa taɓawa. Da baƙi suka ragu ta kwance shi, sai ga wake irin wanda ban taɓa gani ba, jibga-jibga, ruwan ƙasa. Ta ce, "Wanga shi munka riƙa ci kullum da sahe. A jiƙa shi ya kwana, a dahe shi har ya yi lugub, a zuba mai, a yanka albasa bisa." Sai ta rage murya, tana kallon buhun ba ni ba, ta ce, "Wanda yak kai mutum wuri, ya kamata ya ɗanɗani abin da mutum yac ci can." Daga Makka har Aliero ta ɗauko nauyin nan, ta bar wasu kayan a can saboda shi. Matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta, wannan ce kaɗai hanyar da ta samu ta ce masa ta gode.

Ita ta dafa da hannunta. Ta cika kwano, ta malala man gyaɗa, ta rufe shi da ɗanyar albasa, ta miƙo mini ta ce, "Kai ma wancan." Duk mun ci, ni da ita da matar Baffa, amma Yaya ya fi kowa. Ya sharce kwanon da yatsa, ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ɗaki, ya ce yau shi ma ya zama rabin Alhaji. Washegari aka sake, ya sake cinyewa.

Kwana biyu ba a cika ba ya dawo daga gona tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce bayansa ke ciwo, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Kashegari idanunsa suka yi rawaya, tafin hannunsa ya yi fari fat, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki. Baffa ya buɗe masa ido ya duba, ya ce shawara ce, kuma kowa ya san mai shawara ba a kai shi asibiti, allura ɗaya ta gama da shi. Aka jiƙa saiwar rawaya, aka hana shi mai da nama. Ni nake fitar da kaskon fitsarinsa, tunda ba ya iya kaiwa bayan gida. Na leƙa ciki. Ba rawaya ba ne irin na mai shawara, baƙi-baƙi ne, ja-ja, kamar soɓorodon da ya kwana.

Na taɓa ganin irin wannan fitsarin. Kowane ɗan Aliero ya taɓa gani. In ka bar tumaki suka faɗa wa tarin albasar da aka tsince daga rudu, suka ci suka ƙoshi kwana da kwanaki, haka fitsarinsu yake komawa, dasashinsu ya yi fari, su riƙa haki, wasu su mutu. Ragon da na turka shekara biyu kafin nan haka ya yi, da ƙyar ya tashi bayan na tsare shi daga ruɓa. Sai na ruga tsakar gida, kasko a hannu, bakina yana gaba da hankalina kamar kullum. Na ce, "Baffa, wallahi albasa ta! Irin na ragona na! Ku dubi yadda Inna ta cika mishi ita ɗanya bisa wake, ga shi kullum cikin rudu yana shaƙar ruɓa. A cire mishi albasa, a ba shi waken zalla. Shi ai daga Makka yah hito, albarka garai."

Baffa ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce ashe bakin nan yana da rana. Matarsa ta ce yarinya da basirar manya. Na ji daɗi, Allah Ya gani, na ji daɗi har cikin raina, Yayana yana kwance ni ina fankama. Ba wanda ya tsaya ya ce mutumin da aka haifa cikin albasa, ya girma cikinta, me zai sa sai yau ta kama shi? Ba wanda ya zargi waken, tunda duk mun ci muna nan garau, kuma wa zai buɗe baki ya zargi tsarabar Makka? Inna ta tashi da ƙarfinta ta jiƙa wani. Ta dafa shi ba mai ba albasa, ta yayyafa zamzam, ta ce, "Kai ma wancan, ki tsaya sai ya cinye." Na tsaya. Yana kawar da kai ina tura masa cokali, ina yi masa tsiya wai ƙato da shi yana shagwaɓa. Safe da yamma, kwana biyu, da hannun nan nawa.

A rana ta uku Inna ta kasa daurewa, ta hau mota tun da sassafe zuwa Maiyama, garinsu, wurin wani tsoho da ya shahara da maganin shawara. Kafin ta fita ta bar kwano a rufe, ta ce in ba shi da hantsi. Tana fita ba da daɗewa ba abokin Yaya ya zo, direban babbar motar da ke kai albasa kudu. Ya leƙa ɗaki ya fito fuskarsa ta canza. Ya ce da Baffa ko a yarda ko kada a yarda shi zai ɗauke shi, in ya so a tsine masa daga baya. Baffa yana faɗa yana buga sanda, shi kuwa ya riga ya saɓa Yaya a kafaɗa. Na ɗauki mayafi, na ɗauki kwanon Inna, na bi su. Har yau in na rufe ido ina jin kan Yaya yana bugun cinyata a gaban motar nan, ranar kasuwar Jega ce, hanya cike da jakuna da amalanke, direba yana danna oda yana zagi.

Likitan da muka samu a asibiti Bamisire ne, tsoho mai tabarau, ba ya jin Hausa. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru, Kirista, gajera mai saurin hannu, ita ke fassara. Ya duba idon Yaya, ya duba fitsarin, ya ce jininsa ya kusa ƙarewa, a nemo masu bayarwa yanzu-yanzu. Direba ya fita da gudu zuwa tasha neman abokan aikinsa. Likita ya tambayi abin da ya ci a 'yan kwanakin nan. Na gyara tsayuwa na fara ba shi labarin albasa da ragona, har da alfahari. Na ce mun ma cire masa ita, ga abin da muke ba shi, na buɗe kwanon.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya cire tabarau, ya faɗi wata kalma da Larabci, ya karɓe kwanon daga hannuna ya ajiye can nesa. Ya yi magana mai tsawo, 'yar Zurun tana juya mini a hankali. Ta ce akwai wani abu da Allah Ya sa a cikin jini mai tsare ƙwayoyinsa, wasu kuwa an haife su da shi kaɗan. Ba ciwo ba ne, mutum zai iya tsufa bai san yana da shi ba. Amma ranar da ya ci wannan waken, ko ya sha wasu magunguna, ko aka ajiye shi cikin warin kafur, sai ƙwayoyin jinin su riƙa fashewa, su fita ta fitsari. Ta ce a ƙasar likitan kowace uwa ta san wannan. Maza ya fi kamawa, kuma ta wajen uwa namiji yake gadonsa. Na ce, "Albasar fa?" Ta ce ta tumaki ce, mutum ba ruwansa. Sai ta tambaye ni sau nawa ya ci bayan ya kwanta. Na faɗa. Ta dafa kafaɗata kawai, da ma mari ta yi mini.

Ashe Yaya yana ji. Da suka fita ya motsa yatsa, na matso. Muryarsa kamar ta wanda ke cikin rijiya. Ya ce, "Barkono." Na ce na'am. Ya ce, "Bakin ga naki, yau ɗaya ki riƙe min shi. Kada Inna ta ji. Ba wake, ba gado, ba komi. Shawara ta, kin jiya?" Na fara kuka ina cewa ni ce, ni na ce a ba shi. Ya ce, "Ke dai ba ki iya shiru. Ce kin ɗauka." Na ce na ɗauka. An samu jini, direba ya bayar, wani ɗan kamasho ya bayar, amma fitsarin ya riga ya ɗauke gaba ɗaya, likita ya ce ƙoda ta gaza. Washegari bayan la'asar ya cika. Inna ta biyo mu asibitin, tana zaune a bakin ƙofar ɗakin da ƙullin maganin Maiyama a cinyarta, kunya ta hana ta shiga har aka fito aka gaya mata.

Mutanen gari suka ce ai ga shi nan, an faɗa, allura ce. Direban nan ya sha zagi shekara da shekaru bai san gaskiyar da za ta wanke shi tana bakina ba. Wannan ma yana cikin kayan da na ɗauka.

Na zaci shiru kawai aka ɗora mini, ashe da saura. Ana gobe sadakar bakwai, dangin Inna suka cika gidan daga Maiyama, kawunnaina da 'ya'yan 'yan'uwanta mata, maza reras, jini ɗaya da Yaya ta wajen uwa. Sai na ji Inna tana ce wa matar Baffa a fito da sauran waken a jiƙa, duka. Ta ce, "Shi yaf fi so a ƙarshen kwanansa. A dahe a ba kowa, ladar ta kai mishi." Na dubi yaran da ke wasa a tsakar gida, na dubi kawunnaina a zaure. In na yi magana na kashe Inna da ranta, na kuma ci amanar mamaci. In na yi shiru gobe a ɗauki wani. Na shiga na fita ya fi sau goma. Da rana ta take, mata suka tafi sallar azahar, na saɓi buhun na bi ta bayan gida. A garkar Yaya akwai wata matacciyar rijiya da aka daina ɗiba. Na zazzage shi a ciki har ƙwayar ƙarshe, na bi da ƙasa da duwatsu, na dawo da buhu a ninke na ajiye gaban Inna. Na ce, "Na zubar."

Gidan ya fashe da hayaniya. Baffa ya ce tsarabar ƙasa mai tsarki, sadakar mamaci, a rijiya? Wata gwaggo ta ce aljanu ne, wata ta ce baƙin hali ne tun fil'azal. Aka yi ta tambayata dalili. Ni da ba a faɗa in yi shiru, na tsaya kamar turmi. Inna ba ta zage ni ba, ba ta taɓa ni ba. Ta ɗauki buhun ta shafa shi, ta ce, "Abu ɗaya nag gani na ba shi da hannuna, shi ma kin hana ni in ƙarasa." Daga ranar ta daina kallona sosai in tana magana da ni.

Tsofaffi sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Masu faɗin haka ba su gaya maka yadda abin yake ci ba. Na yi aure, na haifi maza da mace, na hana a sa kafur a akwatin kayan jarirai, aka ce tsirfa ce. Kowane ɗa na kai shi a auna jininsa a ɓoye, ɗaya daga ciki aka ce yana da shi. Duk shekara in alhazai suka dawo ina zuwa barka da sauka ina leƙen kayansu kamar ɓarauniya. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, tana zuwa sunan 'ya'yana, tana yi musu wasa, amma tsakanina da ita akwai rijiyar nan. Sau da yawa maganar tana zuwa har haƙorana, musamman in ta ce allura ta kashe mata ɗa. Sai in ji "Barkono", in haɗiye.

A ciwonta na ƙarshe ni na yi jinyarta. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa ta ce in matso. Ta kama hannuna, wannan hannun dai, ta daɗe tana kallona yadda ta daina tun ranar. Ta ce, "Ɗiyata, na riƙe ki a rai da daɗewa, ba ni son in tahi da shi. Waken ga da kinka zubar, na yahe miki duniya da lahira. Ƙuruciya ta." Sai ta yi murmushi ta ce, "Ke dai kin yi mishi ƙoƙari. Ke kinka gane albasa, ke kinka tsaya sai da yac ci. Allah Shi biya ki."

Na ce amin, Inna. Na ce na gode.

Abin da na yi daidai shi aka yafe mini, wanda na yi kuskure kuwa aka sa mini albarka a kansa, kuma duk wanda zai iya warware wannan ya riga ni tafiya. Gwangwanin yana nan ƙarƙashin gadona, ban zubar ba. Jikan nawa zai dawo ranar Juma'a. Zan zaunar da shi in buɗe bakin nan da aka ce in riƙe yau ɗaya, na riƙe fiye da shekara talatin. Daga nan in sa mayafi in nemi gidan direban nan a Jega. An ce yana raye, idonsa ne kawai ya tafi.